Kuɗi ɗaya, buƙata uku: majister, aure da cefanen Inna

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire suna da duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, Bahaushen Sudan. Kakanninmu 'yan Mai Wurno ne, amma a Wad Madani aka haife ni. Na gama digirin farko a ilimin kwamfuta a wata jami'a a Khartum a 2022, da sakamakon jayyid jiddan, wato mai kyau sosai. Da yaƙi ya ɓarke, kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya fi shekara ashirin a Jidda, ya nema mini bizar aiki. Yanzu ina wani kamfani ina gyara kwamfutoci da kula da layukan intanet na ofis. Albashina riyal 3,500, kamfani ya ba mu ɗakin kwana. Mahaifinmu ya rasu. Inna da ƙannena uku suna Gadarif tun da suka bar Madani, duk wata ina tura musu riyal 1,200. Da ƙyar da jiɓin goshi na tara riyal 28,000.

"Wata jami'a mai zaman kanta ta ba ni gurbin majister, wato digiri na biyu, a tsaron intanet, karatun yamma, shekara biyu, kuɗinsa riyal 90,000. Sun ce in biya kason farko cikin wata guda, shahadar tafasil kuma, wato takardar da ke jera darussan da na yi da makinsu, in kawo daga baya, don har yau ba ta zo hannuna ba. Ga shi kuma kawu ya ba ni 'yarsa, ina son ta, ita ma tana so na, yana son a yi biki bayan Babbar Salla. Da na kawo masa zancen karatu sai ya ce karatu ba ya ƙarewa amma 'ya mace ba ta jira. Inna ma bayansa take bi. In na shiga majister dole in ci bashi, in kuma rage abin da nake turawa gida. In na yi aure na san karatun ya tafi ke nan, zan tsufa ina ja wa mutane waya a ƙarƙashin tebur. Abokan karatuna da suka fita Turai da Maleshiya har sun fara gamawa. Malam, son kai nake yi? Wanne zan zaɓa?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kashe wutar da ke ci a Sudan, Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.

Ba son kai kake yi ba. Mai son kai ba ya cire kashi ɗaya cikin uku na albashinsa duk wata ya aika Gadarif, ba ya kuma hana kansa barci don tsoron ɓata wa kawunsa rai. Ka fito da sakamako mai kyau, yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tare maka hanya a daidai lokacin da ya kamata ka ɗora. Ɗacin da kake ji in ka ga hoton abokinka da hular kammala karatu na san shi, babu laifi a ciki. Tsorona ɗaya ne, kada wannan ɗacin ya sa ka sa hannu a takardar da za ta ɗaure ka shekaru. Don haka zan faɗa maka kai tsaye: kada ka biya kason nan. Majister kuwa ina son ka yi shi, amma ta wata ƙofar.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Riyal 90,000 a wata 24 ya kama 3,750 kowane wata, ya fi albashinka gaba ɗaya. In ka zuba duk abin da ka tara, saura 62,000, kusan 2,600 ke nan a wata. Cire shi daga 3,500, abin da zai rage a hannunka bai kai dubu ɗaya ba, alhali Inna kaɗai 1,200 take karɓa, kai kuma ba ka ci ba, ba ka sha ba, ba ka hau mota zuwa aji ba. Ka ce za ka rage abin da kake turawa, amma lissafin yana cewa yankewa za ka yi ɗungurungum. Ka kuma tuna zamanka a ƙasar nan a kan iƙamar kamfani yake, wato takardar izinin zama da kamfani ya yi maka. Ranar da kwantiragi ya ƙare aka ƙi sabuntawa, karatu ya tsaya a rabi, bashi yana nan, mai bin bashin kuma yana iya kai ka kotu har a hana ka fita. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne sun yarda su karɓi kuɗinka tun ba su ga shahadar tafasil ba. In ta yi jinkiri, ko ta zo aka ce hatiminta bai cika ba, wa zai yi asara? Ko da wata rana za ka koma gare su, kada ka ba da ko halala ɗaya sai sun rubuta maka abin da zai faru da kuɗinka in hakan ta auku.

To a ce ma kuɗin yana nan a ajiye. Me takardar za ta saya maka a nan? Gaskiya ne Saudiyya ba ta wasa da tsaron intanet. A watan Agusta 2012 muguwar manhajar nan Shamoon ta goge kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin Aramco. A 2017 aka kafa Hukumar Tsaron Intanet ta Ƙasa, a 2018 ta fitar da ƙa'idojin da dole ma'aikatun gwamnati su bi, haka ma kamfanonin da ke riƙe da jijiyoyin ƙasa irin su mai da wuta da ruwa. Shi ya sa duk inda ka juya sai ka ga tallan fannin. Amma cikin waɗannan ƙa'idoji akwai sharaɗin da ya shafe ka kai tsaye: shugabancin sashen tsaro da manyan kujerunsa na 'yan ƙasa ne, kuma bugun da aka sabunta a 2024 ya faɗaɗa sharaɗin zuwa dukkan kujerun tsaron intanet a irin waɗannan wurare. A sauran kamfanoni ma, tun 2021 akwai kason ayyukan fasahar sadarwa da aka keɓe wa 'yan Saudiyya. Ƙasarsu ce, kuma babu ƙasar da ba ta son tsaronta ya kasance a hannun 'ya'yanta. Kai dai ka sani cewa yawancin guraben da ke ja ka zuwa majister ɗin nan, mai fasfon Sudan ba zai zauna a kansu ba komai takardarsa.

Wannan bai rufe maka fannin ba. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da kayan tsaro da hidimarsa, akwai rubuta manhaja, akwai kula da manyan rumbunan bayanai, akwai sauran ƙasashen Tekun Fasha, akwai aikin da ake yi daga nesa. Akwai kuma Sudan ta gobe. Wanda ya ga yadda ɗaukewar layukan waya a watan Fabrairu 2024 ta bar miliyoyin mutane ba sa iya karɓar kuɗi daga 'yan'uwansu, ya san bankuna da kamfanonin sadarwa na ƙasarku za su nemi irinka ido rufe. Sai dai duk waɗannan wuraren, a matakin da kake, abin da suke fara tambaya shi ne me hannunka ya iya. Ga yadda aikin farko yake a ɗakin sa ido na tsaro: ƙarfe uku na dare allo ya nuna wani asusu ya gwada kalmar sirri sau barkatai daga wata ƙasa, can sai ya shiga. Kai ne za ka bi sawu cikin rajistar abubuwan da suka gudana, ka ga wace na'ura ya taɓa, ka gane ma'aikaci ne da ke tafiya ko ɓarawo ne, ka yanke shawarar kulle asusun ko ta da shugabanka daga barci, sannan ka rubuta rahoton da wanda ya karɓe ka da safe zai fahimta. Wanda ya san yadda layukan ofis ke haɗuwa, ya san Windows da Linux da yadda ake raba izinin shiga, shi ke iya wannan. Ka ga ke nan wayar da kake ja a ƙarƙashin tebur ba aikin banza ba ce. Da yawa daga masu majister ba su taɓa riƙe ta ba, kuma a ranar tantancewa rashin yana bayyana.

Yanzu ga ƙofar da nake nufi, kuma tana kusa da kai fiye da yadda kake zato. Kilomita kusan 80 arewa da Jidda, a garin Suwal, akwai Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha, wadda aka fi sani da KAUST. An buɗe ta a 2009, da Turanci take koyarwa, majister da dakta take bayarwa, kuma tana ɗaukar ɗalibai daga kowace ƙasa. Wanda ta ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ba shi masauki da inshorar lafiya da alawus da ya fara daga dala 20,000 a shekara. A canjin riyal 3.75 kan dala, riyal 6,250 ke nan a wata. Sake karanta wannan adadin, ka kwatanta shi da albashinka. Masu aure ma akan ba su gidan iyali. A Dahran kuma akwai Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai, ita ma da Turanci, tana da majister a ilimin kwamfuta da kuma na tsaron bayanai, kuma ɗaliban bincike na cikakken lokaci suna samun tallafi. Ka lura da kyau a can, don suna da wasu shirye-shiryen majister na ma'aikata waɗanda biya ake yi, ba su nake nufi ba.

Bayan waɗannan akwai minha, wato tallafin karatu, ta jami'o'in gwamnati, irin su Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke nan Jidda, da Ummul Ƙura a Makka, da Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad. Ana nema ta dandalin Idrus fis Sa'udiyya na Ma'aikatar Ilimi. Minhar iri biyu ce, ta waje ga wanda zai zo daga ƙasarsa, ta cikin gida ga baƙon da ke zaune da iƙama mai kyau irinka. Abu biyu ka riƙe game da ita. Na farko, ƙa'idar shekaru: 30 ga majister, 35 ga dakta. Kana da 28, wato zagaye biyu na nema ya rage maka. Na biyu, alawus ɗinta ƙarami ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku na albashinka ba, ba zai ɗauki cefanen Gadarif ba. In ita ce ta fito, sai an zauna da dangi an ga wa zai tallafi Inna tsawon shekara biyun kafin ka ce ka karɓa. Wasu jami'o'in kuma sukan nemi jarrabawar gwajin basira ta masu digiri da ake kira Ƙudurat, ka duba sharaɗin kowacce tun da wuri. Duk wadda ta ɗauke ka, tambayarka ta farko ita ce yadda iƙamarka za ta koma daga kamfani zuwa hannunta, kuma kada ka ajiye aiki sai ka ga amsar a rubuce.

Ba zan yaudare ka ba, gasar shiga KAUST da Dahran tana da zafi, kuma jayyid jiddan kaɗai ba ya buɗe ƙofar. Mutane daga Masar da Pakistan da Sin da Turai suna nema tare da kai. Shi ya sa nake son ka ba kanka shekara ɗaya cur ta shiri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Farkon shirin shi ne shahadar tafasil, don in babu ita babu jami'ar kirki da za ta duba fayil ɗinka, a nan ko a Jamus ko a Maleshiya. Bayan ɓarkewar yaƙi ma'aikatu sun koma aiki daga Port Sudan, jami'o'i da yawa sun buɗe ofisoshin wucin gadi a garuruwan da ke da sauƙi, kuma tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris 2025 abubuwa suna ta komawa sannu a hankali. Nemi ofishin harkokin karatu na jami'arku ta shafinta na hukuma, ka tambayi abokan ajinka da suka riga suka fitar da tasu wace hanya suka bi, ka wakilta ɗan'uwa amintacce da takardar wakilci daga ƙaramin ofishin jakadancin Sudan da ke Jidda. Ka nemi kwafin Larabci da na Turanci, a buga musu hatimin jami'a, da na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, da na Ma'aikatar Harkokin Waje. Ka guji dillalan da ke cewa a ba su kuɗi su kawo ta cikin kwana uku. Takarda ɗaya ta jabu tana iya kashe maka karatu da iƙama gaba ɗaya, ga fanninka kuma duk a kan amana ya tsaya. Tare da wannan ka fara neman malamanka. Sun watse, wasu suna Alƙahira, wasu Riyad, wasu Doha, amma imel ɗinsu yana aiki. Ana buƙatar wasiƙun shaida har uku. Fara da wanda ya duba aikinka na kammala digiri, ka tuna masa da taken aikin, ka aika masa kwafi.

Sai Turanci. Ka zana jarrabawar Turanci ta IELTS bayan shiri na gaske na wata uku ko huɗu, sakamakonsa shekara biyu yake aiki, zai ishe ka zagaye biyun. Sannan satifiket ɗaya ko biyu na sana'a. Da irin aikinka, CCNA, ta haɗa layukan kwamfuta, ta fi kusa da kai, sai Security+, ta tushen tsaron intanet, a bayanta. Kowace daga cikin jarrabawowin nan uku ba ta kai riyal 2,000 ba. Babban satifiket ɗin tsaro na CISSP da kake jin sunansa sai mai ƙwarewar aiki ta shekara biyar, ba yanzu ba. Amfanin satifiket ɗin biyu ne, yana ƙara wa fayil nauyi, yana kuma iya ɗaga albashinka tun kafin majister, musamman tunda gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki ta dandalin Qiwa bayan ya cika shekara ɗaya, bisa sharuɗɗa. Da dare kuma ka riƙa atisaye. Makarantar PortSwigger ta tsaron shafukan intanet kyauta ce, TryHackMe da Hack The Box suna da ɓangarori na kyauta. Ka sabunta iliminka na Python, harshen rubuta manhaja, ka koma kan lissafin da kuka yi a aji biyu, don masu tantancewa a majister na bincike sukan tambayi algoridim da tsarin bayanai kafin su tambayi kutse. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: kada sha'awa ta sa ka gwada abin da ka koya a kan kwamfutocin kamfaninku ko na kowa ba tare da izini a rubuce ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri da tara ga mai shiga ba izini, ga baƙo kuma kora na iya biyo baya.

A wurin zaɓen fanni ina ba ka shawarar ka nemi majister a ilimin kwamfuta, ka yi bincikenka a kan tsaro. Irin wannan takardar tana shiga wurare da yawa, har waɗanda sunan tsaro kaɗai zai sa a ce sai ɗan ƙasa. Kuma kana riƙe da abin da masu gasa da kai ba su da shi. Kana jin Hausa, kana jin Larabcin Sudan, kana karanta Turanci. Saƙonnin damfara da ke yawo a wayoyin mutanenmu, da sanarwar tura kuɗi ta bogi da ake cutar 'yan kasuwa da ita, da muryar da ake turo wa tsohuwa a ce ɗanta ne ke asibiti, yawancin manhajojin da ke tace irinsu da Turanci aka horar da su, Hausa da karin harshen Sudan ba su samu wannan kulawar ba. Ka tattara irin waɗannan saƙonni daga 'yan'uwa da izininsu, ka goge suna da lamba, ka rubuta ƙaramar manhaja da ke rarrabe na damfara da na gaskiya, ka ɗora aikin a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke baje aikinsu. Ko bai yi kyau sosai ba, malamin da ya karanta takardar bayanin burinka zai ga mutum mai tambaya ta kansa. Wannan ya fi masa shafi guda na cewa kana ƙaunar fasaha tun kana yaro.

Mu dawo gida, wurin kawu. Ina roƙonka kada ka ɗauke shi a matsayin mai tare maka hanya. Mutumin nan ya fitar da kai daga yaƙi da kuɗinsa, ya duba duk samarin da ya sani ya ce kai ya amince wa da 'yarsa. Akwai kuma nauyin da wataƙila bai taɓa faɗa maka ba don kunya. In iyalinsa a kan iƙamarsa suke, tun 2017 yana biyan kuɗin murafiƙai, wato harajin iyalin da ke zaune a ƙarƙashin baƙo, wanda ya fara daga riyal 100 ya kai 400 a wata kan kowane mutum, 4,800 ke nan a shekara kan 'yar da kake so ita kaɗai. Uban da ya fi shekara ashirin a ƙasar mutane, ƙasarsa kuma tana cikin yaƙi, yana ganin tsufa na zuwa kuma kwantiraginsa na iya ƙarewa, dole ya so ya ga 'yarsa a ɗakinta. Abin da ya ji daga bakinka kuwa kalma ɗaya ce, karatu, babu rana babu wata. Kowane uba zai tsorata da wannan.

Ka same shi shi kaɗai, bayan isha'i, lokacin da aka kawo gahawar jabana hankali ya kwanta. Fara da godiya, ka ambaci abin da ya yi maka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ce masa: Kawu, na fasa karatun da zai sa ni bashi. Akwai wanda ake biyan ɗalibi, zan nema bana, amsa za ta fito kafin wata kaza. Ina son a ɗaura aure bayan Babbar Salla kamar yadda ka ce, a jinkirta tarewa da shagali zuwa lokacin da amsar ta fito. Ɗaura aure a bar biki sai daga baya abu ne da kuka saba da shi a Sudan, ba baƙon abu za ka kawo masa ba. Ku yi magana a fili kan wa zai ɗauki nauyinta kafin tarewa. In za ka iya, ka ce daga ranar ɗaurin aure riyal 400 ɗin nan nata kai za ka riƙa biya. Aljihunka zai ji, amma zai ɗauka, kuma kawu zai gane da gaske kake. Kuɗin da ka tara sai ka raba: kamar 6,000 na takardu da jarrabawowi, 8,000 ka kulle ba ka taɓawa don ranar da albashi ya tsaya ko wani ya kwanta ciwo a Gadarif, sauran 14,000 na sadaki da ɗaurin aure daidai ƙarfi. In an ce bai isa ba, ka nemi dattijo cikin dangi ya sa baki, wannan maganar manya ce.

Na lura a duk wasiƙarka ka faɗi abin da kawu ya ce, da abin da Inna ta ce, ba ka faɗi abin da yarinyar ta ce ba. Ita ce za ta yi jiran, ita ce za ta zauna da ɗalibi mai kwana a kan kwamfuta, wataƙila a Suwal, wataƙila a Dahran nesa da mahaifiyarta. Ka tambaye ta, ta hanyar da gidanku ya yarda da ita, ka ba ta lissafin nan yadda na ba ka. Ka tambaye ta ko ita ma tana da nata burin karatu. In ta ce ba za ta iya jiran shekara ba, haƙƙinta ne, gara ka ji yanzu. In kuma ta tsaya tare da kai, kalmarta ɗaya a kunnen mahaifinta ta fi taka goma.

Inna kuwa, ka yi mata magana da murya, ba da rubutu ba. Matar da ta rasa miji, ta bar gidanta a Madani, tana riƙe da yara uku a garin da ba nata ba, abin da take nema shi ne ta ga ɗanta ya kafu, kuma dangantakarta da wanta ba ta taɓu ba. Ka fara da tabbatar mata cewa 1,200 ɗinta ba za ta ragu ba, kuma auren yana nan. Sauran bayanin zai shiga cikin sauƙi bayan wannan.

Idan kuma ka nema, zagayen farko bai yi ba? Sai a yi tarewa a ranar da ka yi alkawari, kada ka ƙara ko mako ɗaya. Aure ba ya rufe karatu, bashi ne ke rufe shi. Za ka sake nema a zagaye na biyu da fayil mafi ƙarfi. Ka kuma jefa ƙugiya waje tun zagayen farko: tallafin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana da majister a tsaron intanet, hukumar DAAD ta Jamus tana ba da tallafi, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da hedikwatarsa ke nan Jidda shi ma yana da shirin tallafin karatu. In duk ba su fito ba, jami'ar Georgia Tech ta Amurka tana da majister a ilimin kwamfuta ta intanet tun 2014, kuɗinsa gaba ɗaya bai kai dala 10,000 ba, ana biya zango-zango, mutum yana aikinsa yana karatu, akwai kuma darussan tsaro a ciki. Karatu ne mai wuya, ba na wasa ba. Kafin ka shiga sai ka bincika ko inda kake son yin aiki yana karɓar digirin da aka yi ta intanet, don ba kowace hukuma ke daidaita shi da na aji ba.

Ita kuwa jami'ar da ta ba ka wata guda, ka rubuta mata cikin ladabi ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi saboda takardarka ba ta iso ba. In sun yarda, ka samu ƙofa a buɗe ba ka kashe komai ba. In sun ƙi, ka bar shi ya wuce. A wannan makon dai ka je ka yi takardar wakilcin nan, ka kuma aika wa malaminka imel, don su biyun ne suka fi cin lokaci, kuma neman gurbin KAUST na shiga a watan Agusta tun ƙarshen shekarar da ta gabace shi ake fara shi.